Rahina Ta Ɗauki Jakar Aiki

Hamisu mai gyaran kuran ne, wato wutar lantarki, a Zinder. A unguwar Birni yake zaune da matarsa Rahina da 'yarsu Amina. Da daminar bara kabu-kabu ya kayar da shi a hanyar Mirriya, hannunsa na dama ya karye. An yi ɗori, ƙashi ya haɗu, amma yatsun suka ƙi riƙe komai. Jakar kayan aikinsa ta koma ƙarƙashin gado, shi kuma ya koma zaure yana kallon masu wucewa. Ko maganar wayar wuta ba ya son a yi a gabansa.

Wata safiya fitilar madafa ta ƙi kamawa. Rahina ta canja ƙwai, shiru. Sai ta jawo jakar ta dire a gabansa.

"Baban Amina, kai ka faɗa, ni in taɓa."

"Kuran ba abokin wasa ba ne, Rahina."

"Wutar murhu ma ba ƙawata ba ce, kullum muna tare."

Ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tashi ya kai ta gindin kontar, wato mitar wuta, ya nuna mata babban makunnin da ke yanke wutar gidan gaba ɗaya. Ya ce kada ta taɓa kusantar waya sai ta sauke shi da hannunta, ko da wani ya rantse mata ya sauke.

"Kin ga ruwan garkar babanki a Dogo," in ji shi, "in ya bi kwari ya shige ƙasa, ya tafi ke nan. Kuran ba haka yake ba. Ta jar waya yake fita, ya ratsa ƙwai, ya koma ta shuɗiya. In hanyar ta tsinke a ko'ina, ba ya motsi. Makunnin bango ma aikinsa ke nan, ya tsinke hanya ya haɗa."

Ta kwance makunnin madafa. A ciki ta tarar jar wayar ta zame daga mazauninta, bakinta ya yi baƙi. Ta yanke ƙonannen wurin, ta fere, ta mayar ta ɗaure. Da fitilar ta kama, sai ta tsaya tana kallonta har tuwo ya kusa kamawa.

Daga nan kullum bayan azahar sai su shimfiɗa tabarma, yana bayani tana haɗa ƙwai da batir a kan katako. Ta sha kuskure, ta ƙona ƙwai, sun sha faɗa.

Bayan girbi Alhaji Yunusa, wani ɗan kasuwa da Hamisu ya daɗe yana yi wa aiki, ya yi sallama. Ya ce firjin gidansa fizgar mutane yake yi, jiya ya jefar da matarsa Hajiya Bintu har ƙasa.

"Alhaji, hannuna bai dawo ba," in ji Hamisu. "Amma mai ɗakina za ta duba, ina tare da ita."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "To, ko ba komai ita za ta shiga cikin gida ba sai an ce matan gida su kauce ba."

Hamisu ya zauna a zauren Alhaji, Rahina ta shiga ita kaɗai. Ta ɗora turnabis ɗin gwaji, sukuddireban da ke nuna ko akwai wuta, a jikin firjin, 'yar fitilarsa ta yi ja. Ta hana kowa matsowa, ta je ta sauke babban makunni, ta zare wayar daga bango, sannan ta jawo firjin. Ɓera ya ci rigar wayar, jan ƙarfen ciki yana gogar jikin firjin.

Ta fito ta gaya wa mijinta. Ya tambaye ta, "To me ya sa ya kama Hajiya?"

Ta yi tunani. "Ya samu wata hanyar ne. Ta jikinta ya bi zuwa ƙasa, tunda ba takalmi a ƙafarta. Kuma ban ga wayar nan mai kore da rawaya da ke kai kuran ƙasa ba. Da tana nan, ita zai bi, makunni ya faɗi da kansa."

Hamisu ya yi ta gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa.

Ta canja wayar. Da la'asar suka kafa sandar jan ƙarfe a bayan ɗaki don haɗa wayar mai kore da rawaya da ƙasa, shi yana riƙe da hannun hagu, ita tana bugawa da guduma. Da aka mayar da wuta, Hajiya Bintu ta ƙi taɓa firjin sai da Rahina ta dafa shi da tafi biyu. Sannan ta buɗe, ta ɗauko mata ruwan sanyi.

"'Yata, gidan ƙanwata ma fanka ta tsaya. Gobe za ki samu zuwa?"

Kafin sanyi ya wuce, matan Birni sun san ƙofar gidansu. Hamisu da kansa ya raka ta cibiyar koyon sana'a aka rubuta sunanta, don ya ce akwai lissafin da shi ma bai iya ba. Ranar da ta fara zuwa, ita kaɗai ce mace a ajin, kuma ta zauna a bencin gaba.