Gangar da Abba Kolo Ya Tanada

Tun ranar da Tahiru ya sayi motarsa, wata tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya da wani Bature ya sayar zai koma ƙasarsu, surukinsa Abba Kolo ya ɗauki nauyin shayar da ita. Kowane wata sai ka ga mutum biyu sun gangaro da gangar mai har ƙofar gidan Tahiru da ke unguwar Birni a Damagaram, su ce in ji Abba, kyauta ce. Mutanen unguwa suna ta cewa Tahiru ya yi dacen suruki. Shi kuwa duk ya ji ƙarar gangar nan a lungu sai gabansa ya faɗi.

Abba Kolo ɗan asalin Barno ne, ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci da raƙuma. Da motoci suka ture raƙuma sai ya zauna a unguwar Zango yana sayar wa direbobi isansi, wato fetur. Sai dai yadda ya saba ajiye kanwa haka yake ajiye man, a fili, rana ta doka ruwa ya doka. Har yakan bugi ƙirji ya ce man da ya kwana biyu ya fi ƙarfi, wanda ake sayarwa a famfon mai na kanti ɗanye ne.

Tahiru ya san gaskiyar zancen. In ya tsiyaya man a kwalba ya ajiye, kafin ya juya ruwa ya kwanta a ƙasa, ga jan tsatsa yana yawo a ciki. Motar ta sha ta yi ta tari, ta hau tudu tana makyarkyata. Sai ya riƙa shiga bayan gida yana tace man da wata tsohuwar jar dara, in abin ya faskara ya bi lunguna ya je famfo a ɓoye kamar mai zuwa satar akuya. Faɗa wa Abba kam ba ta taso ba. Tun da ya auri Aisa bai taɓa ambatar sunan ubanta ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi tafe yakan tuɓe takalmi ya durƙusa har ya wuce.

Haka aka yi ta lallaɓawa har shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai, Abba Kolo ya sami kujerar Makka. A Kano jirgi zai tashi, kuma jirgi ba ya jiran kowa. In ya kuɓuce sai baɗi, ga tsohon ƙirjinsa ya soma ciwo, shi kansa yana cewa ba ya jin zai ga wata shekarar. Ya aiko cewa Tahiru ne zai kai shi. Ya ƙara da cewa ya ware wata ganga musamman, wadda ta fi kowace daɗewa a wurinsa, a gabansa za a zuba da safe a yi addu'a a kama hanya.

Tahiru ya roƙi Aisa ta yi wa ubanta magana. Ta ce ita da wane baki za ta ce kayan ubanta ba su da kyau, ya rufa mata asiri. Ya je wurin wani aminin Abba, shi ma ya zame, ya ce harkar mota ba tasa ba ce. Ran Tahiru ya ɓaci ƙwarai, ya ji haushin kowa har da kansa. Ana gobe tafiya, da la'asar ta yi ya tuƙa motar ta babban titi, bai bi lungu ba, ya tsaya a famfo aka cika masa tanki fal da mai tsabta. Ya ƙudurta a ransa ko me za a yi tsohon nan zai shiga jirgi.

Da safe ƙofar gidan Abba ta cika da 'yan rakiya. Aka ɗaure akwati, aka gangaro da gangar, aka kafa mazurari, sai aka tarar tanki ba ya karɓar ko ludayi. Abba Kolo bai dubi Tahiru ba, ya ce wa na kusa da shi a kawo tiyo a zuƙe na kantin, a zuba mai albarka.

Tahiru ya tuɓe takalmi, ya zo gabansa ya durƙusa. Ya ce:

"Baba, a gafarce ni. Isansin nan akwai ruwa a ciki, akwai tsatsa. In muka zuba shi ba za mu wuce Takieta ba. Ba zan bari a zuba ba."

Wata tsohuwa ta kama haɓa, Aisa da ke leƙe daga zaure ta koma ciki da sauri. Abba Kolo ya daɗe yana kallon gangar. Sai ya tattara rigarsa ya shiga gaban mota, ko addu'ar da aka taru dominta wani malami ne ya yi ta a gurguje.

Motar ta yi ta gudu lafiya lau, ko tari sau ɗaya ba ta yi ba. Tahiru ya riƙe sitiyari yana jin kamar ya nutse don kunya. Bayan sun wuce Takieta suka tarar da wata babbar mota a gefen hanya, fasinjoji sun baje a gindin bishiya, direban ya cire bututun mai yana hurawa da baki yana tofarwa. Suma'ila ne, wanda kullum a wurin Abba a Zango yake shan mai. Ya ɗaga hannu ya ce su wuce kada alhaji ya makara. Abba Kolo ya juya yana kallonsa har kwana ta raba su.

Suka isa Kano da sauran rana, ana kiran alhazan Damagaram su jeru. Tahiru ya sauke akwati ya ja gefe, yana jira tsohon ya wuce ba sallama. Sai ya ji an kama hannunsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Damina biyu ke nan, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Idonsa ya kawo ruwa, amma muryarsa ba ta yi laushi ba.

"In ka koma ka kifar da gangunan nan duka. Ka bi direbobin da na sayar wa ɗaya bayan ɗaya ka nemar mini gafara, ba zan tsaya a Arfa da haƙƙinsu a wuyana ba. Maganar da ka yi mini gaban mutane na yafe. Shirun damina biyu, kana kallo ina cutar bayin Allah, wannan ban yafe ba tukuna. Sai in Allah ya dawo da ni."

Ya saki hannun, ya shiga layi yana jan ƙafa. Tahiru ya tsaya har ya daina hango rawaninsa a cikin taro, sa'an nan ya goge fuska ya tayar da mota. Da Suma'ila zai fara, in har yanzu yana bakin hanya.