Ranar da Fitilar Inji Ta Koma Goshina

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Motata tana da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari, mai kamawa idan wani abu ya ɓaci a inji. Na kai ta gareji har na gaji. Makanike ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu, kafin in kai shataletalen kasuwa ta dawo. Ga shi da safe zan kai surukata, Hajiya Gambo, bikin suna a Haɗeja, ta kuwa rantse muddin ta ga "idon nan" za ta sauka ta shiga motar Sabi'u, mijin ƙanwar matata. Shi Sabi'u tun bara makanikensa ya cire masa ƙwan fitilar, yake yawo yana cewa motarsa ba ta taɓa ko ciwon kai ba. Gara in tura tawa har Haɗeja da in ga haƙoransa.

A mafarkin, sai na gan ni a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa yana tafiya sama. Motoci na zaune a gindin darbejiya suna hira, mutane kuma na bin layi ana ɗura musu mai. Na leƙa madubin wata tsohuwar bas, sai ga fitilar a tsakiyar goshina, tana ci.

Na tafi gareji. Ogan wurin wani bunsuru ne mai tabarau, rigarsa duk baƙin mai.

"Yaushe ta fara?" in ji shi.

"Tun damina, ranka ya daɗe."

"Cire hula."

Na cire, fitila ta mutu. Ya ce in mayar, an gyara. Ban kai bakin ƙofa ba ta dawo. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A'a, wannan sabuwa ce. Waccan ai mun gyara ta." Maganar makanikena ce sak, har da tauna.

Ya kira wata akuya mai kwamfuta. Ta cusa min waya a kunne, ta daɗe tana kallon allo tana girgiza gemu.

"A canza fulogi, a wanke nozil, a sauke gwiwar hagu."

Aka sauke min gwiwa, aka sa wata ta hannu, 'yar Baljiyam. Gwiwa ce mai kyau, sai dai duk inda na nufa ita Kwatano take ja, inda aka sayo ta. Fitila kuwa ko gezau.

Sai ga ni a hanyar Haɗeja, ina gudu da ƙafa, Hajiya a bayana da jakarta da kular tuwo. Sabi'u na gefe yana gudu shi ma, goshinsa fes, hayaƙi na fita ta kunnuwansa, yana murmushi.

"Baban Nafisa," in ji Hajiya, "na ga idon nan."

Na ji ta fara sauke ƙafa ɗaya. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in yi kuka. Na ɗaga ido sama wajen fitilar na ce, "Baiwar Allah, me na yi miki?"

Fitila ta sauko ta zauna a kan hancina, ta gyara zama.

"Sai yau aka tambaye ni," ta ce. "Kowa kashe ni yake so, ba mai son jin abin da na zo faɗa."

"To, faɗi."

"Murfin tanki ne. Ɗan bumburutun da kake shan mai a wurinsa ɗora shi kawai yake yi, ba ya murɗawa. Murɗa shi har ya yi ƙas-ƙas. Kuma ba nan take zan mutu ba, sai na ga kamun ludayinka a hanya."

Na kama hulata na murɗa. Maimakon ƙas-ƙas sai na ji gir-gir-gir. Na sake murɗawa, gir-gir-gir.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar kuma daga ƙofar gida take. Sabi'u ne ya yi sammako don ya riga ni, Hajiya har ta shige gaban motarsa, yana ta murɗa makulli mota ta ƙi tashi. Na wuce su da jallabiyar barci, na buɗe wajen zuba mai. Murfi a sake, da yatsa ɗaya yake juyawa. Na murɗa shi har ya yi ƙas-ƙas, na tayar da mota. Fitila ta kama, kamar yadda ta ce.

Hajiya ta fito da jakarta, ta shigo gaban motata ta zauna. Ta daɗe tana kallon fitilar.

"Bar ta a kunne, Baban Nafisa," ta ce. "Ita dai tana faɗa wa mutum. Waccan sai da na zauna na gyara mayafi, sannan ta ƙi tashi."

Sabi'u ya shiga baya, aka ɗora masa kular tuwo a cinya.