Mangwaro a Gurbin Lemo

Shekarar da Nunzia ta sare lemun tsamin mahaifinsu, yayanta Gaspare ya daina gaishe ta a ƙofar coci. Bishiyoyin sun riga sun gaji, cuta ta busar musu da kai, ruwan sama kuma ya zama baƙon da ba ya faɗin ranar zuwa. Amma a wurin Gaspare, abin da uba ya dasa ba a sa masa gatari.

A gurbinsu ta dasa mangwaro. A da, wa zai yi wannan ganganci a garinsu Milazzo? Sanyin hunturu ɗaya ya isa ya kashe dashe. Yanzu hunturun ya yi laushi, har tsofaffi na shan kofi a waje cikin Janairu ba kwat.

Mangwaron ya kama, ita ce dai ta kasa zama. Sai ta ɗora taliya a wuta, ta fita duba ganye, ta dawo ta tarar tukunya ta ƙone. Ta dubi sama, ta dubi hasashen yanayi a waya, ta sake duban sama.

Shekarar da bishiyoyin suka yi 'ya'ya kamar rassan za su karye, iskar kudu ta taso a ƙarshen Yuli, mai zafi kamar an buɗe tanda. Kwana da kwanaki ba ta lafa ba. Gefen mangwaron da ke kallon rana ya fara baƙi. Ruwan gona bi da bi ake sakinsa, nata layin kuwa da saura. Ta zaga gonar har ƙafarta ta yi bororo, sannan ta haɗiye girman kai ta nufi gidan Gaspare, mai rijiya.

"Yaya, ara mini tankinka da ruwa."

"Au, baƙin naki ma suna jin ƙishi? Ai na ɗauka zafi suka zo nema."

"Zafi suka zo nema, ba wuta ba. Za ka bayar ko in ƙara gaba?"

"Gaba ina? Duk garin nan wa ya rage da ruwa?"

"To zauna ka jiƙa shi ka sha."

Ta juya a fusace. Ba ta daɗe da isa gona ba sai ga ƙarar tarakta. Gaspare ne, janye da tanki, a gefensa kuma tulin zannuwan gado na marigayiya mahaifiyarsu, farare, masu aikin allura.

"Kada ki ce komai," in ji shi. "Kama can."

Suka yi ta rufa wa rassa zani, iska na fizgewa, suna sake ɗaurewa. Gumi ya jiƙe su sharkaf. Yana ɗauri yana mita, wai da Mamma na raye da ta kashe su duka biyu. Nunzia kuwa sai gudu take daga wannan bishiya zuwa waccan da bututun ruwa.

Da iskar ta kwanta, kusan rabin 'ya'yan sun tafi. Sauran suka nuna, jajaye, masu nauyi a hannu. Ta yanka ɗaya ta miƙa masa. Ya shinshina, ya yatsina fuska, ya ce ƙamshin ya yi yawa, sannan ya cinye har ya tsotse ƙwallon.

"Nawa lemon ba zai kai baɗi ba," ya ce a hankali, yana goge gemu. "A ina kika samo dashen?"

Hankalinta ba ya wurinsa. Idonta na kan tudu, inda gonar gwaggonsu ta zama kufai.

"Nan ƙasa ya fara yi musu zafi, Yaya. Can sama akwai iska mai daɗi, can ya kamata in dasa. Amma in sanyi ya dawo shekara ɗaya tak..."

"Ke dai ba ki da gindin zama! Yau fa kika fara ɗanɗana."

"Hanyar can tana biyuwa da mota?"

"Rabi. Sauran sai da ƙafa."

Tuni ta fara lalube aljihu tana neman makullin mota. Gaspare ya jefar da ƙwallon, ya yi tsaki, ya bi bayanta.