Waken Baba Direba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba Direba, 'ya'yansa suka hana shi motsi. Hannun hagu ya mutu, ƙafar kuma sai ya ja ta. Mutumin da ya tsufa yana murɗa sitiyarin babbar mota, yanzu ko kofin shayi ya miƙa wa hannu sai autarsa ta riga shi.

"Baba, zauna, zan kawo maka."

"Auta, na zauna har kujerar ta gaji da ni."

Da sanyi ya fara shiga, maƙwabcinsa mai sayar da iri ya ba shi waken ful, mai faɗin nan kamar farcen babban yatsa. Baba ya jiƙa shi a kwano, washegari ya lallaɓa bayan gida. Fartanya ba ta riƙuwa da hannu ɗaya, don haka da sandarsa ya yi aikin. Ya caka ƙasa, ya jefa ƙwaya, ya rufe da ƙafar mai lafiya.

Waken ya kai masa gwiwa ranar da santsi ya kwashe shi wajen ban ruwa. Auta ta same shi kwance a laka, goshi ya fashe. Kafin a gama wanke ciwon, babban ɗansa ya iso daga wurin aiki, ransa a ɓace.

"Wallahi yau zan tuge shi! Waken nawa yake a kasuwa, Baba?"

"Je ka tuge," in ji Baba. "Amma in ka gama, ka wuce kasuwar ka sayo wani uban."

Ɗan bai tuge waken ba. Da yamma aka ga ya kafa turaku a gefen kunyar, ya ɗaura igiya mai kauri. Baba bai yi masa godiya ba, amma igiyar yake dafawa in ya je ban ruwa.

Baƙaƙen ƙwari suka yi wa kan tsiron dafifi, ya bi yana tsinke kawunan da farce, yana zaginsu kamar direbobin da suka tare masa hanya. Fure ya zube, kwanso ya cika ya yi nauyi.

Ranar girki ya kori kowa daga kicin. Da haƙori yake tsaga kwanson, ya zazzage ƙwayoyin da yatsa. Ya tafasa su sama-sama, ya dinga matsa kowace har koriyar cikin ta sulɓe daga fatarta. Wasu suka yi tsalle ƙarƙashin kabad, bai bi su ba. Albasa ta ba shi wuya, sai da ya danne ta da mataccen hannun ya yanka. Ya soya ta da tafarnuwa, ya juye waken, ya matsa lemun tsami.

Babban ɗan ya kai loma ɗaya ya nemi ruwa.

"Baba, gishiri ya yi yawa."

"Ni na zuba, na sani. Ci."

Suka cinye tas. Auta ta miƙe za ta kwashe tukunya, ya ɗaga mata sanda.

"Wanda ya ƙona gindinta shi zai kankare."

Daga tsakar gida Auta tana jin tukunyar tana zamewa tana faɗuwa, yana ɗauka yana mita. Ta miƙe, yayanta ya kamo gefen mayafinta ya zaunar da ita.