Ranar da Eleuterio Ya Buɗe Ƙofa

Tun bayan abincin rana Xiomara ta kulle kanta a banɗaki. Mahaifinta Eleuterio yana tsaye a bakin ƙofar, ko takalmin aikin rufin gini bai cire ba, zufar Houston na bin gadon bayansa. Yarinyar shekararta sha shida. Barci da abinci sun ƙaurace mata tun ranar da 'yan migra, jami'an shige da fice na Amurka, suka tafi da maƙwabcinsu a gaban idonta. Duk abin da ake yi a gida Honduras an yi mata. Aminiyarsu Comadre Chepita da ke zaune a hawan ƙasa ta shafe ta da ɗanyen ƙwai daga kai har ƙafa, ta fasa shi a kofin ruwa, ta ce firgita ce, kuma yanzu ta fita daga jikinta. An kunna kyandir a coci. Firgitar tana nan.

"Mija, 'yata, buɗe mana. Mamanki ta yi baleada, da wake da cuku, yadda kike so."

"Ku ci abinku, Papi."

Babu kuka a muryar, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Ruwan famfo kawai yake ji yana zuba.

Matarsa Nohemí ta fito daga ɗaki, fuskarta ta canza. "Kwalbar maganin barcina ba ta cikin durowa," ta ce a hankali. "Na kira cibiyar nan ta bayan coci, masu kula da ciwon damuwa. Sun ce yanzu za su turo mutum."

"Da izinin wa? 'Yata ba mahaukaciya ba ce! Har adireshinmu kika ba su?"

"Na ba su. Kai tsaya nan kana lallashin katako."

Kafin ya amsa, wayoyinsu suka yi ƙara tare. Saƙon murya ne daga Chepita zuwa ga duk mazauna ginin: "Jama'a, farar mota marar rubutu ta shigo! Wani ƙato ne a ciki da baƙin gilashi. Kowa ya shige!"

Nan take ginin ya mutu. Aka kashe kiɗa, aka janye yara daga matakala. Ta taga Eleuterio ya hango maƙwabcinsu Tacho ya bar namansa a kan gawayi ya arce.

Shi da Nohemí ba su da takardun zama. Xiomara ce kaɗai aka haifa a nan. Shi ya sa duk Lahadi bayan coci yake gwada su: zai ƙwanƙwasa tebur, Xiomara ta ruga banɗaki ta kulle, ta yi tsit, kome za ta ji kada ta amsa, har sai ta ji ya faɗi kalmar sirrinsu: kofi ya huce. Ƙofar waje kuwa ba a buɗe ta, ko wane ne.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar waje.

A banɗaki famfo ya tsaya. Shiru.

"Señor Mejía? Sunana Belkis, daga cibiya nake."

Da harshensu ta yi maganar, amma wannan ba hujja ba ce. Kowa ya ji labarin masu zuwa da harshen gida su ce gyaran famfo ya kawo su. Ya leƙa ta 'yar hudar ƙofa: wata gajeriyar mace da jaka a kafaɗa, a bayanta ƙaton nan mai baƙin gilashi. Wayarsa ta sake ruri.

"Compadre, ƙofarka suke!" in ji Chepita cikin raɗa mai kama da ihu. "Kada ka kuskura! Ko Budurwa Maryamu ce ta zo, ta turo takardar alƙali ta ƙarƙashin ƙofa!"

Ya kashe wayar. Ya dubi Nohemí. Ita da ta yi kiran ma ta dafe ƙirji tana girgiza kai. "Mace kawai suka ce mini," ta ce. "Ba su ce da namiji ba."

"Ki turo takarda!" ya ce da ƙarfi.

"Ba ni da irin wannan takardar, Don Eleuterio. Matarka ta ce akwai magani a hannun yarinyar. Tana magana har yanzu?"

Ya koma bakin banɗaki da sauri. "Xiomara! Mija!" Ba amsa. Ya manna kunne. Sai ya ji wani ɗan ƙara, irin na ƙwayoyi idan ana zazzage su daga kwalba.

Idan 'yan migra ne, yau zai kwana a tsare, daga nan sai jirgi. Ya san haka sarai. Ƙafafunsa suka kai shi ƙofar, ya zare sarƙa, ya murɗa makulli, ya buɗe. Bai san lokacin da ya miƙa hannayensa biyu a haɗe ba.

Matar ta wuce shi kai tsaye. Ƙaton ya cire gilashi ya dubi hannayen. "Sauke, Don. Wilmer ne sunana, ma'aikacin jinya."

"To motar fa?"

"Mun cire rubutun ne don kada maƙwabta su ce an zo ɗaukar mahaukaci. Ga shi mun kori unguwa guda."

Belkis ba ta taɓa ƙofar banɗakin ba. Zama ta yi a ƙasa ta jingina da bango. "Xiomara, ni ba hukuma ba ce. Ina so in san ko kin sha wani abu." Shiru. Ta sake tambaya, shiru. Wilmer ya ajiye jakarsa yana auna ƙofar da kafaɗa.

"Dakata," in ji Eleuterio. "Ba za ta amsa ba. Ta ji an ƙwanƙwasa. Ni na koya mata."

"To, me ke fito da ita?"

Ya durƙusa, goshinsa a jikin katakon. "Mija, kofi ya huce."



"Papi?" Muryar ƙarama, kamar ta 'yar yaye. "Ba su tafi da kai ba?"

"Ga ni nan. Na buɗe ƙofar da hannuna, kuma ga ni."

"Kai ka ce in an buɗe shi ke nan."

"Na ce. Fito ki gan ni."

Makulli ya motsa. Ƙofar ta buɗe kaɗan, hannu ya fito a dunƙule. Belkis ta tara nata a ƙasa, ƙwayoyin suka zubo, sun jiƙe da gumi.

"Kin haɗiye ko ɗaya?"

"A'a. Jira nake in ji sun fita da Papi, sannan in haɗiye."

Nohemí ta zube ta rungume ta. Wilmer ya kama wuyan hannun yarinyar yana duba agogo, yana yi mata tambayoyi a hankali.

"Yau ba za mu bar ta ita kaɗai ba," Belkis ta ce wa Eleuterio. "Za mu tafi da ita likita ya gan ta, ku biyu kuna tare da ita. Ba mai tambayarku takarda. Kuma akwai zaman iyaye ranar Alhamis."

"Ni ai lafiyata ƙa..." Ya ga inda take kallo. Hannayensa rawa suke fiye da na 'yarsa. Ya cusa su a aljihu. "Ƙarfe nawa?"

Ƙofar waje tana nan a buɗe yadda ya bar ta. A kan matakala Chepita ta leƙo, tsintsiya a ɗage kamar sanda.

"Compadre! Kana raye?"

"Ina raye, comadre. Ki gaya wa Tacho namansa na ƙonewa."