Shanun Manu Masu Fukafukai

Wani dare cikin rani, Manu ya ji wata ƙara ta bayan bango. Ba ɓera ba ne, ba kuma gara ba. Kamar an jefa tsakuwa guda a cikin ɗan ƙaramin gora ana girgizawa: ƙas-ƙas-ƙas, a tsaya, a sake. Ya yi ta saurare har ta daina.

Wata huɗu ke nan da shi da matarsa Safiyatu suka baro rugarsu ta gefen dajin Ruma, suka kama ɗaki ɗaya a Batsari. Ɓarayin daji ne suka kore masa shanu talatin da ɗaya, da rana tsaka. Tun ranar bai ƙara yi wa kowa magana ba. Yana salla, yana amsa gaisuwa da kai, amma in an ajiye masa tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwanon. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Tsoron Safiyatu ɗaya ne, kada wata rana ta wayi gari ita kaɗai a ɗakin nan.

Da gari ya waye sai ta ga ya ɗauki malafarsa ya fita. Ta leƙa, ta ga ya shiga zauren maƙwabcinsu Tayyib, mai fenti, wanda ke rubuta sunayen shaguna yana kuma zana furanni a bayan manyan motoci.

"Baffa, ina kwana?" in ji Tayyib. Ya jira kaɗan. "Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Ya iyali? Suna lafiya. To madalla, na amsa maka duka, zauna."

Manu ya zauna a kan tabarma. Ya dunƙule hannu ya girgiza shi kusa da kunnensa.

Tayyib ya yi dariya. Ya jawo wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba, ya kaɗa ta. Ƙas-ƙas-ƙas.

"Wannan ce ta hana ka barci? Fenti ne. Akwai ɗan ƙarfe a ciki kamar ƙwayar wake, shi ke dama shi. Da dare nake yi, don da rana zafi na busar da shi a bakin buroshi. Kuma ka san mutanenmu. Yanzu a ce Tayyib ya bar rubutu ya koma gumaka."

Ya janye wani tsumma daga kan tebur. A ƙarƙashinsa akwai wasu ƙananan halittu na roba, kowanne tsawon dabino. Ga wani dodo mai ido ɗaya a tsakiyar goshi. Ga wata tsohuwa tana bisa kunama, ta sa mata linzami. Ga wani jarumi da takobinsa ta fi shi tsawo, ko yaya yake shiga ɗaki da ita, Allah masani.

Tayyib ya ce 'yarsa Mahfuza ce ke aiko su daga wani shago da take aiki a Abuja. Can, wai, manyan mutane masu gemu da mata masu aikin ofis suke zagaye tebur ranar Asabar. Kowa ya ɗauki ɗaya ya ce shi ne wannan. Mutum guda yana ba da labari, su kuma suna faɗin abin da za su yi, sai a jefa ɗan dutse mai lambobi irin na ludo, shi zai nuna ko an ci dodo ko dodo ya ci mutum. Halittun suna zuwa launin toka, shi ke sa musu kala da buroshi mai gashi uku ko huɗu.

Manu bai kalli dodon sau biyu ba. Idonsa na can ƙarshen tebur, inda wasu shanu shida suke tsaye, kowace da fukafukai a gadon baya. Su ke jan keken wani sarkin hadari a cikin labarin. Tayyib ya riga ya shafa musu farin fenti na farko, ya ce saura a mai da su ruwan zinariya gaba ɗaya, kamar yadda mai su ya turo hoto a waya.

Daga ranar Manu ya riƙa zuwa kowace safiya, Tayyib kuma ya mai da aikin nasa bayan asuba, kafin rana ta yi zafi. Ɗaya na fenti yana surutu, ɗaya na zaune yana kallon shanu.

A rana ta huɗu aka zo kiran Tayyib ya gyara rubutun wani shagon magani. Ya ce, "Baffa, ka tsare mini gida, kada dodon nan ya fita." Bai dawo ba sai kusan azahar.

Ya tarar da Manu ya jera shanun a kan gwiwarsa, ga reza a hannu. Kowace saniya an tsaga mata bakin kunnen hagu gida biyu, an ɗan gutsure na dama daga ƙasa. Aikin ya fita tsaf, kunnen da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Tayyib ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire hularsa ya mayar. Kayan mutane ne, kuma babu inda za a sami irinsu daga nan har Katsina.

"Haba Baffa," ya ce a hankali. "Me suka yi maka?"

"Ba su da shaida."

Muryar ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Saniyar da ba shaida a kunne, ta kowa ce," in ji Manu. "Duk wanda ya gani sai ya kora. Wannan ta gidanmu ce, tun kakana." Ya ɗaga ɗaya yana juya ta. "Kuma wane Kaɗo ne ya yi su ba tozo?"

Tayyib ya zo ya zauna a ƙasa kusa da shi. Ya daɗe yana kallon kwalbar ruwan zinariya, sannan ya tura ta gefe.

"To, Bafillace. Wannan da ke hannunka, wace kala ce?"

"Wodeye ce. Ja, amma ba jan barkono ba. Kamar tukunyar da aka fito da ita daga wuta. Akwai fari a goshi, ya karkata hagu."

Kwana uku suka yi a kan shanu shida. Tayyib ya kwaɓa gam da garin katako ya ɗora wa kowace tozo. Manu na tsaye a kansa. Ja ya yi yawa, a rage. Baleye ba baƙa ƙirin ba ce, cikinta na da haske, kuma ƙahonta na dama ya ɗan gutsure tun ranar da ta yi faɗa a bakin rijiya. Daneye fara ce amma bakinta baƙi, ga ɗigo uku a cinya. Tayyib ya yi biyu, Manu ya ce uku ya ce. Fukafukan ne kaɗai bai sa baki a kansu ba. Ya ce wannan ba saninsa ba ne, a yi musu yadda aka ga dama.

Tayyib ya aika wa Mahfuza hoto. Ta kira tana dariya, ta ce mai su ya yi ɗan gunaguni, daga baya ya ce ya yarda, amma lallai su iso kafin Asabar. Dole ke nan su bi motar Alhamis.

Ranar Laraba da hantsi Safiyatu ta zo ta tsaya a bayan ƙofar zaure, lokacin Manu ya zaga.

"Malam Tayyib, sannu da aiki. Jiya ya cinye tuwonsa, har ya ce miya ta yi gishiri." Ta gyara mayafinta. "Ya san za a tafi da su?"

"Ban gaya masa ba, Inna."

"An raba shi da su sau ɗaya. Ban san yadda na biyu zai zo masa ba."

Tayyib ya yi tunanin ya ce wa Mahfuza sun ɓace a hanya, ya ga ba zai iya ba. Da Manu ya dawo, sai ya ajiye buroshi ya gaya masa gaskiya: shanun na wani ne, gobe za a sa su a kwali a kai Abuja.

Safiyatu, da ba ta tafi ba, ta dafa bango. Manu ya ɗauki Wodeye ya shafa goshinta da ɗan yatsa.

"Abujar nan kudu take?"

"Kudu take."

"Da ruwa?"

"Mahfuza ta ce ciyawa har a tsakiyar titi."

Ya gyaɗa kai. "Rani ne. Da ma yanzu ne lokacin da muke tura su kudu. Kira mini yarinyar."

Tayyib ya kira, ya miƙa masa wayar. Manu ya riƙe ta da hannu biyu. Ya gaida Mahfuza, ya tambayi aiki da mutanen gida, sannan ya ce, "'Yata, ki gaya wa mai kiwon, Wodeye ce ke gaba. In ya sa wata, sauran ba za su bi ba. Kada ya haɗa Baleye da Daneye gefe ɗaya, ba sa shiri. Kuma ba a yi musu tsawa." Daga can aka ji ta ce, "To Baffa, bari in rubuta," kuma ba dariya a muryarta.

Washegari shi da kansa ya naɗe kowace da auduga, yana kiran sunanta kafin ya sa ta a kwali. Suka taka har bakin titi su uku, Safiyatu na biye daga baya. Manu ya ce wa direba kada ya ɗora buhu a kai. Suka tsaya har motar ta sha kwana.

"Gobe me za ka yi?" Manu ya tambayi Tayyib.

"Wani raƙumi ne mai kai biyu."

"Kai ba ka san raƙumi ba. Zan zo da wuri." Ya juya wajen matarsa. "Akwai sauran fura?"

Safiyatu ta ce akwai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Nurain mahauci, wanda gidansa ke kallon nasu, yana nan gefen titi a kan babur ya ji duk abin da aka yi. Ya dubi hanyar da motar ta bi, ya dubi Manu.

"To Baffa, in ruwa ya sauka, za a dawo da su?"