Randunan Alhaji Audi

A garinmu, can ƙasa da Rusairis a bakin kogi, idan mutum ya rasu iyalinsa kan girke randunan ruwa a bakin hanya, duk wanda ya sha ladar ta je wa mamacin. Sabil muke ce musu. Na surukina Alhaji Audi suna gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, kuma matarsa Inna Dije ta ɗauke su kamar ita ta haife su. Ita ke wanke su, ita ke cika su, ko ni da nake matar ɗanta ban isa in taɓa moɗar ba sai na sha harara.

Daminar da kwalara ta shigo, injin ruwan gari ya daɗe a tsaye don babu mai, kowa ya koma sayen ruwan kogi wurin masu amalanken jaki. Ruwan ja wur, ka rantse kunun dawa ne. Ibtisam, ma'aikaciyar asibitin garin, ta bi gida-gida tana raba ƙwayar kulor mai kashe cutar ruwa, ta ce a jefa a duro a jira kafin a sha. Ni kam ban yi wasa ba, don na ga yadda aka fito da gawar wani makwabcinmu a naɗe cikin leda, ko wanka ba a bari danginsa sun yi masa ba. Tun daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba. Ko ɗiyata Huda ta ɗan jima a bayan gida sai na je na leƙa.

Da farko Inna ta yarda ana saka ƙwayar a randunan. Sai masu wucewa suka fara yatsina fuska, wai ruwan Alhaji ya koma warin asibiti. Wasu su kurɓa su tofar, wasu su wuce abinsu. Inna takan zauna a zaure tana kallon randunan cike har yamma. Bayan 'yan kwanaki na ga mutane sun dawo, har ana layi, ana sa wa Alhaji albarka. Na ce a raina ashe hanci ma yana sabawa.

Rannan da hantsi ina tsintar wake sai ga Ibtisam ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, mayafinta na jan ƙasa.

"Ramla, wa ka cika sabil ɗin nan naku?"

"Inna ta. Lahiya?"

"Bilyaminu mai amalanken jaki yana kwance mustashfa, asibitinmu, da ɗiyan Sara biyu. Na tambaye su ɗaya-ɗaya, gidajensu duk suna sa kulor. Abu guda ɗai ya haɗa su, moya, ruwan ƙofar gidanku."

Muka fita tare. Ta buɗe randar farko ta ɗebo, ruwa garau, kana ganin gindin moɗar. Ta kai hanci, ta miƙo mini. Babu warin komai sai ƙamshin ƙasa mai sanyi, irin wanda ke sa mutum ƙishi ko ba ya ji.

Inna ta fito tana dogara sanda. Ba ta yi gardama ba, hasali ma da alfahari ta yi bayani. Ta ce ta daina saka ƙwayar, rawag take sakawa, wato yumɓun nan na bakin kogi da ake jiƙawa a kaɗa cikin ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya yi fari.

"Da shi uwata tar rene mu, da shi nir reni nawa," in ji ta. "Dubi ruwan ga, ɗiyata, mi kika gani ciki? In babu mai sha, mi za ya iske Alhaji can inda shike?"

"Inna, rawag laka ɗai shika kwantarwa," Ibtisam ta ce. "Cutar ba a ganinta. Wa da wa sunka ɗiba yau?"

A nan ne abin ya faɗo mini. Mijina Hashim ya yi kwanaki a Damazin, jiya da yamma ya dawo. Shi kuwa tunda mahaifinsa ya rasu bai taɓa tafiya gona da ruwan cikin gida ba. Kullum a sabil yake cika jarkarsa, wai in baƙo na aika wa Alhaji lada, ɗansa ya fi cancanta. Na sha yi masa tsiya cewa rowa ce kawai, ba ya so duron gida ya ragu. Da safen nan da idona na gan shi ya durƙusa a gindin darbejiya yana ɗura jarka.

Inna ma ta tuna a lokacin da na tuna. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko a wannan hali ba ta faɗa ba.

"Mai gidanki," ta ce, sandar ta suɓuce mata. "Ramla, ruga!"

Na ruga, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ban san inda na bar shi ba. Gonar riɗinmu tana can bayan gari, a gefen babbar hanyar da motoci ke bi su yi gabas. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, baƙar ƙasar nan ta zama danƙo, kowane taku sai ta riƙe ni. Ina gudu ina lissafi da rana. Hashim shayi kawai yake sha da safe, ba ya neman ruwa sai rana ta take. Na ɗaga kai na dube ta, ta riga ta yi sama sosai. Na ce wataƙila hadari ya rufe ta can wajensu, alhali ko ɗigon gajimare babu.

Tsoro mugun abu ne. Kafin in wuce makabarta na riga na ga Hashim kwance a gadon nan na asibiti mai rami a tsakiya, idanunsa sun faɗa. Na ga ledar. Na ga kaina ina yi wa Huda bayani. Wata mata da ke dawowa daga itace ta tambaye ni ko wuta ce ta tashi, ban ko dube ta ba. Na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina, har addu'ar shiga kasuwa na karanta.

Na hango shi a tsakiyar gona, a sunkuye yana cirar ciyawa, lafiyarsa ƙalau. Ban nufe shi ba, na nufi gindin aduwar da yake ajiye kayansa. Jarkar na nan a kwance, murfinta a gefe. Na ɗaga ta, babu nauyi. Na jijjiga, na kifa ta, ɗigo biyu suka faɗo kan ƙafata. Sai na zauna a cikin laka na fasa ihu.

Ya taho da gudu. "Ke, mi af faru? Inna ta? Huda?"

"Abu Huda, ka sha? Don Allah gaya mini, ka sha ruwan ga?"

"Wane ruwa? Na jarka?" Ya yi dariya, yana share zufa. "Wallahi ko kurɓa ban samu ba, maƙoshina kamar garwashi. Da kin zo da wani da kin kyauta."

Na kama rigarsa na sa shi ya rantse, ya rantse. Na yi ta hamdala ina kuka ina dariya, majina da hawaye duk sun haɗu. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. Da numfashina ya dawo na ba shi labarin rawag, da Bilyaminu, da 'ya'yan Sara. Ina cikin magana na lura dariyar ta bar fuskarsa, yana kallon hanya.

"To in ba ka sha ba, ina ruwan?" na tambaye shi.

Ya nuna hanyar da hannu. Sannan ya ce wata babbar mota ce ta masu gudun yaƙi ta tsaya nan da safe, tayarta ta yi faci. Wata mata ta sauko da yara, leɓunansu duk sun tsage, ta roƙe shi ruwa. Ya ba ta jarkar gaba ɗaya, ya ce ta yi wa mahaifinsa addu'a. Suka sha, ta juye sauran a kwalabensu, aka gyara taya suka wuce.

"Ina sunka nuhwa?"

"Ban tambaya ba."

"Sunanta fa? Ko lambar motar?"

Ya girgiza kai. Muka tsaya muna kallon hanyar, babu komai a kanta sai sawun taya a cikin laka. Na tuna hamdalar da na yi ɗazu, na kasa janye ta. Hashim ya karɓi jarkar daga hannuna yana jujjuya ta.

"Ƙaraminsu bai iya sha da kansa ba, Ramla," ya ce. "Ni na riƙe masa bakin jarkar."